Naman Suna da Kyanwar Madam

Tun da na dawo ba ku bar ni na huta ba. Duk wanda ya tsaya a teburina, maimakon ya ce a yanka masa na miya, sai ya ce, "Alhaji Sule, yaya Amurka?" Garba tela kaɗai ya tambaye ni sau huɗu ko na ga dusar ƙanƙara. Ban gani ba, Garba, da zafi na je. To ga shi zan faɗa sau ɗaya, daga farko har ƙarshe. Wanda ya yi dariya a inda bai kamata ba, ƙashi zan riƙa auna masa har Sallah.

Kun san ɗana Nura yana wani gari da ake kira Greensboro, shi da matarsa Rakiya. Da haihuwarta ta matso, sai suka aiko a zo a taya su zama. Ni da Hajiya muka je Abuja neman biza. Hajiya ta sha lalle, ta haddace amsoshi kamar mai shiga jarrabawa. Ni ko wanka a gurguje na yi. Aka ba ni, aka hana ta. Da muka iso Funtuwa, a bakin ƙofa ta ce min, "To sai ka je ka dama kunun kanwar."

Kwana uku na yi ina haɗa tsaraba. Kilishi na yi da hannuna, daga cinyar wani bijimi da na zaɓa da kaina, na shanya, na tsoma a labu mai ƙuli-ƙuli da yaji, na gasa, na naɗe a takarda. Hajiya ta zuba kuka da daddawa da kuɓewa busasshiya. Jirgi kuwa ba abin da zan ce muku sai zama. An kawo mana wata kaza a ɗan akwati, na duba ta sama da ƙasa, ban gane ranar da ta bar duniya ba. Na ci biredi na sha shayi. A ƙasar da muka sauya jirgi aka ce in cire hula, in cire agogo, in cire takalmi, in ɗaga hannu sama. Na ce a raina, saura su ce tazuge.

Da muka sauka Amurka ina tsaye a layi, sai ga wata ma'aikaciya riƙe da ɗan kare mai dogayen kunnuwa, an sa masa riga. Ya wuce Bature, ya wuce Ba'indiye, ya wuce wata mata mai jaka shida. Da ya zo kaina sai ya zauna. Na ja babbar rigata gefe na ce, "Kai, tafi can!" Ya kalle ni, ya kalli akwati, ya kaɗa wutsiya. Wallahi kare ne ya fara tona min asiri a ƙasar nan. Suka buɗe akwati, suka shinshina daddawa, wani ya ja da baya yana tari, amma suka bar min ita. Kilishin nan kuwa, ina ji ina gani, aka jefa shi a kwandon shara. Ko gutsure ba su ɗanɗana ba, abin da ya fi ƙona min rai ke nan.

Nura ya tare ni a ƙaramin filin jirgin garinsu. A mota ya fara murza sitiyari yana gyaran murya, na san akwai magana.

"Baba, akwai ɗan rul a gidan da muke."

"Wane irin rul?"

"Ba a shiga da nama."

"Naman alade? Ai ya fi."

"A'a, Baba. Nama. Kowane iri. Madam ɗin, mai gidan, bigan ce, ba ta cin duk abin da ya fito daga jikin dabba. Ko ƙwai, ko nono."

Na ce Allah ya ba ta lafiya. Ya ce lafiyarta ƙalau, ra'ayi ne.

Ya yi min bayani dalla-dalla. Rakiya ce ke wa tsohuwar aiki: girki, shara, ba ta magani, kai ta asibiti. Ɗakunan da suke ciki, a saman garejin mota, cikin aikin suke. In aikin ya tafi, muhallin ya tafi, ga jariri a hanya. Sharaɗinta ɗaya ne: nama ba ya ƙetare ƙofar gidanta, kuma karenta da kyanwarta ba sa ɗanɗana shi.

"Kyanwa?" na ce. "Mage? Wadda na sani?"

"Ita, Baba."

Unguwar sunanta Irving Park. Gidaje ne manya-manya, ciyawa a aske, amma babu mutane. In ka yi sallama ba mai amsawa, don ba kowa. Wanda duk ka gani a ƙafa, to kare ne ya fito da shi. Karen ya yi kashi, mai gidan ya sunkuya da leda ya kwashe, ya riƙe abinsa har gida. Na ga wani dattijo mai furfura, an ce min tsohon lauya ne, yana wannan hidima. Na tuna Alhaji Mamman na unguwarmu da ko takalminsa ba ya ɗauka da kansa.

Rakiya ta durƙusa ta gaishe ni, cikinta ya tsufa, kanta a sunkuye. Yarinya ce mai kunya ƙwarai. Tun aurensu ba na jin ta taɓa haɗa ido da ni, kuma maganarta da ni ba ta wuce "Sannu, Baba" da "Ga abinci, Baba." Ta kawo tuwon shinkafa miyar kuka. Miya ta yi daɗi, ba ƙarya. Amma na sa yatsa na bi kwanon nan lungu-lungu, ko jijiya babu. Shekara arba'in ina fawa, ranar na ci tuwo da miya ba nama sai daddawa.

Washegari aka kai ni gaida Madam Dorati. Doguwa ce siririya, ta kusa tamanin, mijinta ya rasu, 'ya'yanta suna nesa. Kuma mutuniyar kirki ce, kada ku ce ban faɗa ba. Ita ta sayi gadon jariri tun ba a haife shi ba. Ta tambayi sana'ata. Nura ya dube ni, na ce, "Faɗa mata." Ya yi wani dogon Turanci, ta tafa hannu tana murna. Sai daga baya na ji cewa ya yi wai ina harkar kula da dabbobi.

Dabbobin gidan kuwa ba su yarda da tafintar Nura ba. Karen, wani jibgege mai gashi ruwan zuma, ya zo ya liƙa hancinsa a gefen rigata ya ƙi tashi. Sunansa na wani ganye ne mai ƙamshi irin ɗoɗɗoya, don haka Ɗoɗɗoya nake ce masa. Kyanwar sunanta Kabewa in an juya shi da Hausa. Ta sauko daga kujera ta dinga zagaya ƙafata tana kuka. Madam ta ce ba ta taɓa ganin sun so baƙo haka ba, lallai zuciyata fara ce. Ni na san ba zuciya suke ji ba. Ƙamshin kwata ba ya fita da sabulun jirgi.

Na ga abincinsu da idona. Ɗoɗɗoya wake yake ci da dankalin Hausa da karas, a barbaɗa masa wani garin magani. Shi ba ruwansa, ya yi ɓul-ɓul, ko takarda ka ba shi zai haɗiye ya gode. Kabewa ce abin tausayi. Wasu ƙwayoyi ake zuba mata daga buhu mai hoton wake da masara. Ta zo ta shinshina, ta ci uku, ta koma taga tana kallon tsuntsaye. Duk ƙashin bayanta a waje. Ni da na saba duba dabba, kallo ɗaya na yi mata na san ba ta ƙoshi.

Kwanana tara Rakiya ta sauka, namiji. Aka ce sunana za a sa masa. Na ce madalla, ga mai ƙwace min Hajiya ya iso.

Tunda ba a yanka a gidan Madam, sai aka kai suna gidan Alhaji Isuhu a Pleasant Garden, bayan gari. Mutumin Maraɗi ne, ya daɗe a can, kowace magana sai ya fara da "Bon." Yana da fili a bayan gida ya fi filin idinmu na unguwa. Muka je gona muka zaɓi rago. Da aka yanka, matasan suka tsaya suna duba waya wai yadda ake fiɗa. Na ce ku ba ni wuri. Na tuɓe babbar riga, na karɓi wuƙa. Kafin shayin Isuhu ya tafasa na feɗe, na fasa, na ware kai da ƙafa, na jera kayan ciki. Sai ga wayoyi a kaina ta ko'ina. Isuhu ya ce, "Bon, Alhaji, ka zauna nan mana, mu buɗe maka shago."

Aka soya, aka shiga rabo. Na gidan wane, na gidan wance, har Baturen da ke maƙwabtaka da Isuhu aka kai wa, ya karɓa yana murna. Na ce, "Ina na Madam?"

Nura ya matso kusa da kunnena. "Baba, don Allah."

Na bar maganar, amma abin ya tsaya min a rai. A garinmu an taɓa yin suna, maƙwabcin da kuke katanga ɗaya bai ga rabonsa ba? Matar da ta sayi gadon yaro? Ko ba za ta ci ba, ai a kai, a fita hakki. Da ba mai kallo, na zaɓi hanta mai kyau da ɗan kitse, na ƙunshe a takarda na tura aljihu. Ban san ma yadda zan yi da shi ba, wallahi. Hannuna ne ya saba.

Da hantsi washegari Madam ta fita, ina zaune a matakalar bayan gareji ina jan carbi. Sai ga Kabewa. Ta zauna a gabana, ta zuba wa aljihuna ido.

Na ce, "Ke, ba naki ba ne. Na uwar ɗakinki ne."

Ta ce miyau.

Na ce, "An hana. Rul ne."

Ta ɗora hannu ɗaya a gwiwata. To ku gaya min, wane ne a cikinku zai iya? Na ce a raina, rabon gidan ne, ita kuma 'yar gidan ce, ai saƙo ya isa inda aka aike shi. Na gutsuro hanta na miƙa. Jama'a, ban taɓa ganin ci irin wannan ba. Tana ci tana gurnani, idonta a rufe. Da na ɗaga kai sai na ga labulen tagar sama ya motsa. Rakiya ce. Ta gan ni sarai, ta saki labule.

Kwana uku muna haka, kullum da hantsi. Ɗoɗɗoya yana tsaye daga nesa yana zubar da yawu, amma shi ban ba shi ba, don ba na son ya saba da lasar min riga. A rana ta huɗu hanta ta ƙare, saura kitse. Na san kitse yana da nauyi ga cikin da bai saba ba. Na sani. Amma ta yi min wannan kallon, na ba ta.

A tsakiyar farin kafet ɗin falon Madam ta je ta amayar da shi.

Ni ban san an yi ba. Abin da na lura kawai, gidan ya yi sanyi. Nura ya daina hira. Ya fara shigo da kwalaye yana cewa na ajiya ne. Rakiya tana kawo min abinci kamar kullum, a durƙushe, sai dai idonta ya kumbura. Na ɗauka rashin barcin jego ne. Sai ranar Juma'a, muna dawowa daga masallaci a motar Isuhu, ya rage tafiya ya ce, "Bon, Alhaji, na samo musu ɗaki a Glenwood, ƙarami ne, amma za su lallaɓa kafin ta sami wani aikin."

"Wane aikin? Wane ɗakin?"

Ya taka birki. "Ba su gaya maka ba?"

Ashe Madam ta kira Rakiya, mai jegon kwana goma sha ɗaya, ta nuna mata kafet, ta tambaye ta wa ya ba kyanwa nama. Rakiya ta ce ita ce. Madam ta ce amana ta karye, su nemi wuri kafin ƙarshen wata.

Da muka isa na hau matakalar nan bibbiyu, ni da ke hawa ina hutawa. Na tarar da ita tana ninke kayan jariri a kwali. Na ce, "'Yar nan, me ya sa kika ce ke ce?"

Ba ta ɗago ba. Da ƙyar na ji muryarta. "Baba, da wane bakin zan ce surukina ne?"

Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba. Na zo taya su zama, ga shi zan fitar da su titi da ɗanyen jariri saboda kitsen da bai kai yatsa biyu ba. Ita kuma ta rufa min asiri da muhallinta.

Na sa babbar rigata ta Sallah, na kafa hula. Nura ya ce zai raka ni ya yi tafinta. Na ce, "Kai? Mai harkar kula da dabbobi? Zauna." Na ja Isuhu, na ce masa duk abin da na faɗa ya juya shi yadda yake, kada ya sa masa sukari.

Madam ta ba mu wuri muka zauna, fuskarta ba walwala. Na ce, "Gaya mata ni mahauci ne. Ubana mahauci, kakana mahauci. Abin da na yanka a rayuwata, filin gidan nan ba zai ɗauke su ba." Isuhu ya haɗiye yawu ya faɗa. Ta dafe ƙirji. Na ce, "Gaya mata ni na ba kyanwa nama, kwana huɗu, a matakala. Yarinyar nan ko taɓawa ba ta yi ba." Sannan na yi mata bayanin naman suna: in an haifi yaro an yanka rago, kowane maƙwabci yana da rabo, kuma na kusa shi ne farko. Na ce rabonta na ɗauko, na rasa yadda zan miƙa mata, sai 'yar gidanta ta zo ta karɓa.

Ina cikin magana munafukar kyanwar nan ta shigo, ta wuce uwar ɗakinta, ta yi tsalle ta haye cinyata ta kwanta. Isuhu ya kalli silin.

Madam ta dubi kyanwar a cinyata. Can ta yi tambaya, Isuhu ya juya: "Wai rabonta ne? Nata na kanta?"

Na ce nata ne.

Ta cire tabarau ta goge. Ta ce shekara da shekaru tana unguwar nan, tun da mijinta ya rasu ba wanda ya ƙwanƙwasa mata ƙofa da rabon komai. Ta ce shi ma marigayin, a wannan matakalar yake zama yana ba kyanwar kaza a ɓoye, yana tsammanin ba ta sani ba. Kuma likitan dabbobi ya gaya mata har sau biyu cewa kare yana iya rayuwa a irin abincin nan in an haɗa shi da kyau, amma sha'anin kyanwa ya fi wuya, jikinta nama yake nema. Ita ce ta toshe kunne.

Na fara murmushi, sai ta ɗaga min yatsa. Ta ce ba ta huce ba. Naman bai ɓata mata rai kamar ƙaryar ba. Me zai sa Rakiya ta dube ta ta yi mata ƙarya? Na ce, "Gaya mata a wurinmu mace ba ta kama sunan surukinta ko a abin alheri, balle a laifi. Ba ke ta raina ba. Ni ta girmama, kuma ban cancanta ba." Isuhu ya daɗe yana juya wannan, har da hannu.

Ta aika aka kira Rakiya. Abin da suka ce wa juna ban ji ba, don Turanci ne da kuka, kuma Isuhu ya ce wannan ba aikin tafinta ba ne. Hukunci dai ya fito kashi uku. Kwalaye a mayar da su inda aka samo. Kabewa za ta koma abincin da likita ya rubuta, mai nama a ciki, amma a can gefen gareji, Madam ba ta son gani. Na uku kuwa nawa ne: kullum da yamma, har in tafi, a teburinta zan ci abinci.

Ranar farko, Isuhu bai riga ya tafi ba, aka kawo wani abu fari-fari an soya shi, aka ce shi ne namansu. Aka ba ni wuƙa da cokali mai yatsu. Na yanka na kai baki, na tauna. Na ce, "Isuhu! Awara ce!" Awarar da ake soyawa a bakin makarantar firamare, ita ce a farantin tangaran, ba ko yaji. Mako biyar na yi ina cin ta. Ɗoɗɗoya yana kwance a gefe da kwanon wakensa, in na dube shi ya dube ni. Har na fara yi masa sannu.

Kafin in taho Kabewa ta fara cika, gashinta ya kwanta. Madam ta ɗauki takwarana a hoto ya fi sau ɗari. Ni kuwa abu ɗaya ya rage min, na kasa. Kullum in na shirya ba Rakiya haƙuri, sai ta ajiye kwano ta gudu. Sai ranar tafiya, Nura ya sa akwati a mota, na tsaya a gindin matakala na ce, "'Yar nan, ki yafe min."

Ta durƙusa, ta miƙo min wani ƙunshi da ɗuminsa, wai guzuri. Na buɗe gefe. Awara ce, ta sha yaji da albasa. Kanta a sunkuye, amma na ga kafaɗarta tana rawa. Ta ce, "Baba, wannan ko kare ya shinshina ba zai tona ka ba."

Yarinyar da ba ta taɓa haɗa ido da ni ba! Nura ya shige mota ya kifa kai a sitiyari yana dariya.

A jirgi na cinye ta tas, ban rage ko ɗaya ba. Baturiyar da ke kusa da ni ta ga ina share ido da bakin riga, ta miƙo min takarda. Yaji ne ya yi yawa, Garba. Rufe bakinka, na ce yaji ne.